Jarumin Da Ba A Zata Ba: Ƙananan Mutane A Labaran Al'ajabi

  

An nemi in yi magana kan jarumai a labaran al'ajabi, wato littattafan da marubuci ke gina wata duniya daban, mai matsafa da dodanni da takubba masu suna. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya kan jarumi iri ɗaya: wanda in da za a tara mutanen gari a ce a fitar da mai ceton ƙasa, ko kallonsa ba za a yi ba.

Jarumin da muka saba da shi kowa ya san siffarsa. Muna da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, barde mai kirari da yake karawa da mutane da aljannu. Mutanen Ingila suna da Beowulf a tsohuwar waƙarsu, wanda aka ce ƙarfin mutum talatin ne a damƙarsa. Irin wannan yana da daɗin karantawa, amma ba ya sa gaban mai karatu ya faɗi. Tun daga shafin farko ka san shi ne da nasara, abin da ya rage kawai ka ga ta yaya.

A shekarar 1937 littattafai biyu suka fito, ɗaya a Zariya, ɗaya a Landan, kuma babu abin da ya haɗa marubutansu. Na Zariya shi ne littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makircin hallaka shi. Fada cike take da bayi da dogarai, amma wanda ya tsare yaron tsuntsu ne da aka saya a hannun wani Balarabe. Duk daren da Musa ya yi ɗamara zai fita, aku ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Na Landan kuwa shi ne The Hobbit na J.R.R. Tolkien, malamin harshe a jami'ar Okusfod, wanda aka buga ranar 21 ga Satumba. Mai kamfanin ɗab'in ya ba ɗansa Rayner, yaro ɗan shekara 10, rubutun ya karanta, ya biya shi sule ɗaya ladan rahoto, yaron ya ce a buga.

Jarumin wannan littafi sunansa Bilbo, daga wata al'umma da Tolkien ya ƙaga mai suna Hobit. Tsayinsu kusan rabin na mutum ne, ba sa sa takalmi, suna zaune a gidajen da aka haƙa cikin tudu masu ƙofa zagayayya, kuma babban burinsu a duniya abinci ya zo kan lokaci. Bilbo ɗan shekara 50 ne, mai tumbi, mai son zaman gida. Wadanni goma sha uku suka ɗauke shi haya ya taya su ƙwato dukiyar kakanninsu daga hannun wani dodo mai fukafukai da aman wuta. Ranar tafiya, abin da ya fi damunsa shi ne ya fito bai ɗauko hankicinsa ba.

Ku lura da abin da Tolkien bai yi ba. Bai sa Bilbo ya kashe dodon ba. Wani maharbi ne mai suna Bard ya harbe shi. Aikin Bilbo shi ne ya lura da wani wuri a ƙirjin dodon da sulke bai rufe ba. Da aka zo babban yaƙin ƙarshe, dutse ya same shi a ka ya suma, bai farfaɗo ba sai da aka gama. Babban abin da ya yi a littafin duka babu takobi a ciki. Da ya ga shugaban wadannin, Torin, son dukiya ya rufe masa ido har zai jawo yaƙi da maƙwabta, sai ya ɗauki dutsen alfarmar da Torin ya fi ƙauna, ya lallaɓa da dare ya kai wa ɗaya ɓangaren don su sami abin yin ciniki a sasanta. Sannan ya komo wurin abokansa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa shi ya yi, alhali ya san ransa na iya tafiya a kai.

A nan nake so in raba abu biyu da ake yawan haɗawa, domin a kansu maganata ta yau ta tsaya.

Akwai jarumin da aka raina saboda ba a san ko shi wane ne ba. Yaron da ya zare takobi daga dutse a labarin Sarki Arthur, daga baya aka gane ɗan sarki ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa labarin wani barden Rasha ne, ya tashi ba ya iya tafiya, sai wasu baƙi suka zo ya warke, ya sami ƙarfin da ya fi na kowa. Harry Potter na J.K. Rowling, wanda ya fara fitowa a 1997, maraya ne da ake kwantar da shi a wani lungu ƙarƙashin matakalar bene, amma yana isa makarantar sihiri ya tarar kowa ya san sunansa, iyayensa sun bar masa zinariya a banki, ga baiwar wasa tun ranar farko. Haka Sunny a littafin Akata Witch na Nnedi Okorafor, na 2011, yarinya zabiya a ƙasar Ibo da ake tsangwama, ta gano cewa abin da ake yi mata gori a kansa yana haɗe da baiwarta. Wannan shi ne raina kama ka ga gayya. Ba na ƙin irin wannan labari. Yaron da ake wa dariya a aji yana bukatar ya ji cewa wataƙila akwai wani abu a tare da shi da ba a gani ba. Sai dai in ka tona, saƙon da ke ƙasa shi ne darajarka tana cikin jininka ko baiwarka. To, yaron da ya girma ya tabbata shi ba ɗan sarki ba ne, ba shi kuma da wata baiwa ta musamman, me labarin ya bar masa?

Na biyu shi ne wanda ya shiga labari ƙarami, ya fita ƙarami. Babu wata alama a kafaɗarsa, babu wasiyyar da ta ambace shi. Aku bai rikiɗe ya zama gaggafa ba. Ko da aka naɗa shi Waziri, aku ne. Wannan ya fi wuyar rubutawa nesa ba kusa ba, domin dole marubuci ya gamsar da mu cewa aikin da ke gaba irin wanda ƙarami ne kaɗai zai iya. A ganina babu wanda ya warware wannan matsala kamar yadda Tolkien ya warware ta a babban littafinsa, The Lord of the Rings, da ya fito kashi uku tsakanin 1954 da 1955.

Ga yadda ya yi. Akwai zobe, wanda wani azzalumin sarki mai suna Sauron ya ƙera ya zuba ƙarfinsa a ciki. Zoben ba ya narkewa sai a cikin dutse mai aman wuta inda aka ƙera shi, a tsakiyar ƙasar maƙiyi. Halinsa kuma shi ne yana shiga zuciyar mai riƙe da shi ta ƙofar abin da ya fi so, kuma gwargwadon ƙarfinka gwargwadon ɓarnar da zai yi da kai. Saboda haka manyan labarin duk suka zama ba su dace ba. Dattijo Gandalf mai sihiri aka miƙa masa ya ƙi karɓa, don ya san tausayin raunana ne zai sa ya yi amfani da shi, daga nan kuma ya zama wani azzalumin. Sarauniya Galadriyel ita ma aka miƙa mata, ta auna kanta, ta ƙi. Boromir, barde na gaske, ɗan mai riƙon sarautar Gondor, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kare iyakar ƙasarsa, shi ne ya faɗi. Ba mugu ba ne. Makami yake nema don mutanensa, kuma wannan kyakkyawar niyyar ce ta kai shi ga afka wa abokin tafiyarsa. Wanda ya rage ya ɗauki zoben shi ne Furodo, magajin Bilbo, tare da gadinansa Sam.

Bari in daɗe kaɗan a kan Sam, don a kansa littafin ya fi nuna abin da nake nufi. Ɗan mai aikin lambu ne, shi ma aikin da ya gada ke nan. Ya shiga tafiyar ne saboda an kama shi yana laɓe a ƙarƙashin taga yana sauraron abin da ba a kira shi ba. Kayan da ya ɗauka su ne tukwane da 'yar batta ta gishiri, kuma tun daga farko yake ta jimamin ya manta igiya. A bakin ƙasar maƙiyi, inda kowa ke tunanin mutuwa, shi ya hura 'yar wuta ya dafa wa maigidansa farfesun zomo da ganyayen da ya tsinko. Da wata ƙatuwar gizo-gizo ta sari Furodo, Sam ya zaci ya mutu, sai ya cire zoben ya rataya a wuyansa don aikin kada ya tsaya. Nan zoben ya gwada shi. Ya nuna masa kansa a matsayin babban sarkin yaƙi da zai ci ƙasar nan ta toka da duwatsu ya mayar da ita lambu guda, fure da itatuwa iyakar ganin ido. Ku duba dabarar marubucin: ko jarrabar ma ta gadina ce. Abin da ya cece shi kuwa son maigidansa ne, da sanin cewa ɗan lambun da zai iya nomawa da hannunsa ya ishe shi. Daga baya, da ƙarfi ya ƙare, ya zuba tukwanen nasa a wani rami don rage nauyi, abin da ya yi masa ciwo ƙwarai. Da Furodo ya kasa tashi a gindin dutsen, Sam ya goya shi ya hau da shi.

Tolkien bai samo Sam a littattafan da ba. A watan Yuni na 1916, yana ɗan shekara 24, aka tura shi Faransa a matsayin ƙaramin hafsa mai kula da sadarwa, ya shiga yaƙin da aka yi a bakin kogin Som. A ranar farko ta wannan gumurzu, 1 ga Yuli, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu, cikinsu har da amininsa na makaranta Rob Gilson. Wani aminin, G.B. Smith, ya rasu a watan Disamba. Shi kansa zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi ne ya sa aka mayar da shi gida a watan Nuwamba. Daga baya ya bayyana cewa Sam hoton farabiti-farabiti ne da odalolin hafsoshi da ya zauna da su, waɗanda ya gane sun fi shi nesa. Mu ma nan muna da irinsu: a yaƙin Boma, cikin rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82, akwai dubban 'yan dako da suka ratsa dazuzzuka da harsasai da abinci a ka, kuma ba kasafai ake jin sunayensu ba in ana ba da tarihin nasara.

Sai abin da ya faru a bakin wutar, wanda har yau wasu masu karatu ba su yafe wa Tolkien ba. Furodo ya iso inda aka aiko shi bayan wata shida yana tafiya. Ya tsaya. Sai ya ce ba zai jefa ba, zoben nasa ne, ya zura shi a yatsa. Jarumin littafin ya kasa a daidai wurin da aka gina littafin duka dominsa. Wanda ya ƙarasa aikin shi ne Golum, wani abin tausayi da ya riƙe zoben kusan shekara 500 har ya cinye shi, ya zama ƙashi da fata, yana cin ɗanyen kifi. Ya ciji yatsan Furodo ya gutsire, ya kama rawar murna, ƙafarsa ta zame ya faɗa wutar da zoben a hannu.

Me ya sa Golum yake raye har ya kai wannan rana? Domin Bilbo ya taɓa samun damar kashe shi a cikin duhun kogo, ya tausaya ya bar shi. Furodo ya samu dama, ya bar shi, har ya riƙa kiransa da sunansa na asali. Sam, wanda ya tsane shi tun ranar farko, shi ma ya ɗaga takobi a kan dutsen, amma da yake ya ɗanɗani nauyin zoben na ɗan lokaci, sai hannunsa ya ƙi. A wata wasiƙa da Tolkien ya rubuta wa wata mai karatu a 1963, ya bayyana cewa bai ɗauki abin da Furodo ya yi a matsayin laifi ba, domin a wannan wuri babu mahaluƙin da zai iya jurewa. Ya ba da duk abin da yake da shi, kuma jinƙan da ya yi wa Golum ne ya dawo ya cece shi. Tolkien Kirista ne ɗan Katolika mai riƙo da addininsa, kuma ina jin wannan tunani ba baƙo ba ne a wannan zaure. Bawa yana yin iyakar ƙoƙarinsa, cikawa ba a hannunsa take ba.

Ba zan ɓoye muku abin da ke damuna a littafin ba. Sam daga farko har ƙarshe maigida yake kiran Furodo, kuma akwai ƙanshin tsarin Ingila na da, inda talaka nagari shi ne wanda ya san matsayinsa. Mai karatu ɗan Afirka kuma ba zai kasa lura ba cewa mutanen kudu masu duhun fata, masu yaƙi a kan giwaye, suna ɓangaren maƙiyi ne. Wannan gaskiya ne, kuma Ursula Le Guin ta Amurka da gangan ta yi jarumin littafinta A Wizard of Earthsea, na 1968, makiyayin awaki mai jan fata, ta mayar da farare su ne mahara. Sai dai a cikin littafin Tolkien ɗin, lokacin da ɗaya daga mutanen kudun ya faɗo matacce kusa da inda suke ɓoye, wanda ya tsaya yana tunanin ko mene ne sunansa, ko daga ina ya fito, ko ƙarya aka yi masa ko barazana har ya baro gida, Sam ne. Bardawan suna can suna harbi.

In kuka riƙe wannan ma'auni za ku fara ganin irin su Sam a wuraren da ba ku zata ba. Labarin Ali Baba da ɓarayi arba'in, wanda Bafaranshe Antoine Galland ya ji daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab a 1709 ya shigar cikin Dare Dubu Da Ɗaya, sunan Ali Baba yake ɗauke da shi. Amma wa ya ga alamar alli a ƙofa ya bi ƙofofin maƙwabta ya yi musu irinta? Wa ya je ɗebo mai a tulu don fitila ta mutu, ya ji muryar mutum a ciki, bai yi ihu ba? Kuyanga ce, Murjanatu. Ita ta yi komai. A littattafan Harry Potter kuma akwai Neville, yaro mai mantuwa da kakarsa ta rena, kullum yana neman kwaɗonsa da ya ɓata. A littafi na farko abin da aka yaba masa shi ne ya tare abokansa ya ce ba za su karya doka ba, ko da yake nan take suka sandarar da shi. A na bakwai, na 2007, lokacin da kowa ya ɗauka Harry ya mutu, shi ya fito gaban maƙiyi ya ƙi miƙa wuya, ya sare macijiyar da ran azzalumin ke rataye da ita. Ni a wurina shi ne mafi kyawun abin da Rowling ta rubuta.

Tatsuniyoyinmu sun riga duk waɗannan sanin ƙaramin jarumi. Auta ne ke kashe dodo bayan yayyensa sun kasa. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, kamar yadda aka fi ba da ita, 'yar bora ce aka kora ta je wanki a ruwan da ba a san inda yake ba. Ta tarar da cinya da kare suna zaune a bukka, ta yi sallama, ba ta yi dariya ba, ta yi abin da aka sa ta. Makaminta ke nan gaba ɗaya, ladabi da haƙuri, kuma da 'yar mowa ta bi hanyar da izgili ta ga abin da ta gani. Wannan jaruma ce ta nau'i na biyu sosai. Abin mamaki shi ne da yawa daga littattafan yaƙi da matasanmu ke saye a kasuwa ko suke karantawa a waya sun bar wannan gado, sun koma ga sadaukin da ke sare mutum dubu da sara ɗaya. Marubutan suna da basira da faɗin tunani, ina kuma karanta su da jin daɗi. Amma ina ƙishirwar ranar da zan buɗe ɗaya in tarar an ɗora makomar birni a kan mai ba dawaki ciyawa, ko tsohuwa mai sayar da daddawa, kuma a bar su yadda suke har shafin ƙarshe, kada a zo a ce ashe jikar sarkin aljannu ce.

Inda Tolkien ya rabu da tatsuniya shi ne wajen sakamako. 'Yar bora tana komawa gida da dawaki da bayi da dukiya. Furodo ya koma da yatsa tara da ciwon da ke tashi duk shekara a ranar da aka soke shi. Mutanen garinsu ba su damu da abin da ya yi ba, sun fi girmama abokansa biyu da suka dawo da sulke da tsayi. Bayan shekara biyu ya kasa zama, ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar da ya ceta. Sam ne ya yi aure, ya haifi 'ya'ya 13, aka zaɓe shi magajin gari sau bakwai. Mutumin da ya ga yadda sojoji suka dawo daga Faransa a 1918 ya san duka biyun suna faruwa, shi ya sa ya rubuta duka biyun.

Ga ɗalibanmu masu neman abin bincike, akwai aiki a nan da ke jira. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi da labaran Hausa cikin kundi uku tsakanin 1911 da 1913, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da jerin Tatsuniyoyi Da Wasanni. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a ware inda Auta ko marainiya suka yi nasara da wani asiri da aka ba su, da inda suka yi ta da halinsu kawai, sannan a duba ko akwai wadda ƙaramin ya ceci gari amma bai sami komai ba. Zan so in ga abin da lissafin zai nuna.